Ga masu atisayen iyo da bututun numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce kan bututun nan da ake ɗaurawa a goshi, irin na kamfanin Finis, wanda ke bi ta tsakiyar fuska.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Tunda ba sai ka juya kai ka shaƙi iska ba, tsokokin wuya suna hutawa, jiki ya miƙe sambal, sai ka ga yadda kowane hannu ke kama ruwa. Wanda ya saba numfashi ta ɓangare guda, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya aiki, nan take zai gane.

Amma ƙirji ne ke biyan kuɗin. Wani ɓangare na iskar da ka fitar yana maƙalewa a bututun, ita za ka fara shaƙa kafin sabuwa ta iso huhu. Ga kuma ruwa yana danne haƙarƙari. Tsokokin numfashi idan sun gaji, jiki kan karkata jini wajensu, ƙafa da hannu su yi nauyi. Don haka ka riƙa fitar da iska sosai, ka bar haki sama-sama.

Fara da mita 25 a hankali. Idan ruwa na shiga hanci, sa matsin hanci. Bayan juyi a bango, hura da ƙarfi ka fitar da ruwa kafin ka shaƙa.

Don Allah kada ya cinye atisayen duka. Ba a shiga gasa da shi, kuma juya kai sai da sabo. Da ka ji jiri ko ciwon kai, cire shi ka huta.