Yadda ake nuna wa ɗalibai yanayin abu guda uku da ƙanƙara da tukunya

Yawancin masu koyar da wannan darasin allo kawai suke cikawa da rubutu, daskararre, ruwa-ruwa, gas, a haddace a tashi. Yaro ya iya jero su tsaf amma da ka tambaye shi me ya canja a cikin ƙanƙarar da ta narke sai ya yi zuru. To ga yadda ake yin sa da hannu, kuma abin da nake so yaran su gani da idonsu shi ne ma'aunin zafi na tsayawa cak duk lokacin da abu ke sauya yanayi, alhali wuta na ci a ƙarƙashinsa.

Za ka nemi ƙanƙara, ƙaramar tukunya mai murfi, buta ta ƙarfe, murhu, cokali, sikeli, gorar roba da ma'aunin zafi wanda ya kai digiri 110 na Selshiyas. Na asibiti ba zai yi ba, iyakarsa wajen digiri 42, ka tsoma shi a tafasasshen ruwa ka yi asararsa. Kar ka ɓata kuɗi kan kwalaben lab, tukunya ta ishe ka.

Fara da gorar. Zuba gutsattsarin ƙanƙara ciki, rufe ta gam, auna, rubuta nauyin ka ajiye ta gefe. Idan ta narke a sake aunawa, amma a goge jikin gorar tukuna, don wancan gumin daga iskar ɗaki ya zo ya kwanta, ba daga ciki ba, in ba a goge ba sikeli zai nuna ƙari yara su ce ruwa ya fi ƙanƙara nauyi. Nauyin ɗaya ne, babu abin da ya shiga babu abin da ya fita.

Sai tukunya, kuma a nan ne ake shan ƙasa. A daddaka ƙanƙarar ta yi ƙanana, ban yarda da jefa ƙaton dunƙule ba ko kaɗan, domin ruwan gefe zai ɗumama ya bar dunƙulen yana yawo a tsakiya, ma'auni ya riƙa hawa, shi ke nan gwaji ya lalace. A ɗan zuba ruwan sanyi yadda kan ma'aunin zai nutse, a riƙe shi a tsakiya kar ya taɓa gindin tukunya, in ya taɓa zafin ƙarfe kake aunawa. Wuta ƙasa-ƙasa, wani yaro na juyawa da cokali ba tsayawa, wani na rubuta lamba duk bayan minti ɗaya. Za ka ga 0, 0, wataƙila 1, a sake komawa 0. Sabon malami a nan yake rikicewa ya ce ma'aunin ya mutu, ya girgiza shi ko ya ƙara wuta. Don Allah bar shi haka, wannan tsayawar ita ce darasin.

Bayanin da za ka yi musu: kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba su daina motsi. A ƙanƙara a jere suke kamar yara riƙe da hannun juna a layi, kowa na jijjiga a inda yake. Zafin da ke shiga yanzu duk wajen kwance wannan riƙon yake tafiya, shi ya sa ma'auni bai ga komai ba. Giram ɗaya na ƙanƙara na shan kusan jul 334 (jul shi ne awon yawan zafi ko makamashi) kafin ya narke, zafin da zai iya ɗaga giram ɗaya na ruwa daga 0 har digiri 80. Joseph Black ne ya gano wannan ɓoyayyen zafin a Sikotlan a farkon shekarun 1760.

Da gutsure na ƙarshe ya ɓace lamba za ta fara hawa, yanzu kana iya ƙara wuta. Ƙananan kumfan da ke maƙale a jikin tukunya tun ruwa na ɗumi ba tafasa ba ne, iskar da ta narke a ruwan ce ke fita. Tafasa sai manyan kumfa na tasowa daga ƙasa suna fashewa a sama, nan ma'auni zai sake tsayawa wajen digiri 100, ko ka ninka wutar ba zai gusa ba, ruwan ne kawai zai fi saurin ƙonewa. In ya tsaya a 97 ko 98 kar ka ga laifinsa, 100 ɗin na daidai matakin teku ne, duk yadda wuri ya yi tudu matsin iska na raguwa ruwa ya tafasa da wuri, a ƙololuwar Dutsen Everest wajen digiri 70 ne ma. Mayar da giram ɗaya na ruwa tururi na cin kusan jul 2,260, ya ninka na narkewa fiye da sau 6, shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, a ja yara baya.

Kuma kar ka nuna farin hayaƙin nan ka ce ga gas, kuskure ne da ya zama ruwan dare. Ɗora buta ta tafasa su kalli bakinta daga gefe, akwai ɗan fili wayam tsakanin bakin da inda farin ya fara, tururin gaske ke nan, ba a ganinsa. Farin kuwa ɗigon ruwa ne ƙanana da suka riga suka huce. Tara murfi mai sanyi a kai, ka riƙe da tsumma, su ga ruwa na ɗiga.

Sauran ba wuya. Zuba ruwa a gorar roba, yi alama a inda ya tsaya, sa a firiza, washegari ƙanƙarar ta wuce alamar don ruwa na kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, dalilin da ya sa take iyo ke nan. Ban da kwalba, fashewa take yi. Kafur kuma daga daskararre yake wucewa gas kai tsaye, ka bar shi a buɗe su ga yana ƙanƙancewa ba tare da ya jiƙa komai ba. In wani mai kaifin kai ya tambayi yanayi na huɗu ka ce filazma, irin na rana da walƙiya, amma wannan ba a tukunya ake yin sa ba.