Idan an tura ka zama da gwamnati a madadin 'yan adaidaita

Na riƙe sakataren reshen ƙungiyarmu ta 'yan adaidaita sahu a Kano, kuma ga abin da nake gaya wa duk wanda za a tura ya zauna da jami'an gwamnati.

Kafin ranar zaman, zagaya tashoshi da littafi a hannu. Tambayi direba nawa yake kai wa mai babur na balas kullum, nawa mai ke cinyewa, nawa bakanike ya karɓa a makon, me ya rage na cefane. Jami'i na iya musa maganar baki, amma in ka shimfiɗa masa wannan lissafi a kan tebur, sai ya gyara zama.

Ku shiga da buƙata ɗaya, in ta yi yawa biyu. Kuka jera goma, mafi arha za a ba ku a sallame ku.

Kada ka fara da barazanar yajin aiki. A 2013 gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, kuma maganar ta zauna; mu ma za a iya yi mana haka. Yajin aikin 'yan adaidaita na Janairun 2022 kuwa, ɗalibai da mata masu zuwa asibiti suka sha tafiyar ƙasa. Ba duka ne suka yi mana uzuri ba.

Abin da aka amince, a rubuta shi, a sa hannu, a sa ranar fara aiki. "In Allah ya yarda za a duba" ba yarjejeniya ba ce.

Daga nan ka wuce tasha kai tsaye, ka karanta wa direbobi da bakinka kafin su ji a rediyo.