Lambobin yabon sojan Jamus: ramukan da masu tarawa suka fi faɗawa

Mutum ya sayi Kuros ɗin Ƙarfe, wanda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz, ya juya bayansa ya ga 1813, sai ransa ya yi fari, a zatonsa ya tsinci kayan zamanin yaƙin Napoleon a araha. Kusan duk wanda ya shiga wannan harka ya taɓa wannan mafarkin. Abin da bai sani ba shi ne, 1813 shekarar da Sarkin Purushiya Friedrich Wilhelm na Uku ya ƙirƙiro lambar ce, kuma duk lokacin da aka farfaɗo da ita, a 1870 da 1914 da 1939, an bar wannan shekara a bayan kuros mai daraja ta biyu (lambar hawa-hawa ce) don tunawa da asali. Gaba ake dubawa. In ka ga kambi da harafin W da 1914, to na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, kuma irinsa kimanin miliyan biyar aka raba. Ba abin raini ba ne, amma ba abin sayar da gona ba ne.

Haka kuros ɗin tunawa da ake kira da sunan Hindenburg, shugaban ƙasar Jamus na lokacin da aka ƙirƙiro shi. A jikinsa an rubuta 1914 da 1918, alhali sai a 1934 aka ƙirƙiro shi, aka raba wa tsofaffin sojoji: mai takubba ga wanda ya je fagen daga, marar takubba ga wanda ya yi hidima a baya, baƙi kuma ga mata da iyayen waɗanda suka mutu.

Sai maganar mayen ƙarfe, wadda ta fi komai yaudarar sabon shiga. Kuros na gaske ƙira uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, da zobe biyu, na gaba da na baya, da aka haɗa suka rungume shi. Don haka mayen ƙarfe yakan kama tsakiyar, kuma in ka duba gefe da gilashin ƙara girma za ka ga siririn layin haɗin. Daga nan wasu suka mayar da abin doka: ya kama, na gaske ne, bai kama ba, jabu ne. Duka biyun kuskure ne. Masu jabu sun san wannan gwaji tun kafin a haife mu, suna zuba ƙarfe a nasu. Akwai kuma na gaske ƙalilan da aka yi tsakiyarsu da tagulla ko tutiya. Abin da ya fi tona asiri shi ne kaifin aiki. Na gaske zobensa da inji aka buga shi, lambobinsa da ƙananan tsage-tsagen zoben a tsaye suke tsaf. Na jabu sau da yawa narkawa aka yi aka zuba, sai ka ga gefuna sun dakushe, da ƴan ramuka kamar fuskar mai zanzana.

Tambarin maƙera ma haka. A zamanin yaƙi na biyu kamfanoni suna da lambobi da ake bugawa a zoben rataya ko a allurar baya: 65 na Klein da Quenzer, 100 na Wächtler da Lange, 4 na Steinhauer da Lück. Akwai kuma masu farawa da L, na ƙungiyar maƙeran da aka kafa a 1941 don kayan da soja ke saya da kuɗinsa. Buga lamba a ƙarfe aikin minti ɗaya ne. Tambayar ita ce, ƙirar ta yi daidai da sanannen aikin wannan kamfani? Kuma da yawa na gaske ba su da tambari ko kaɗan. Wanda kuwa aka tallata masa Kuros ɗin Barde, Ritterkreuz, wato babban matakin Kuros ɗin Ƙarfe na yaƙi na biyu, a farashin wayar hannu, ya tuna mutum dubu bakwai da ɗoriya ne kawai suka same shi. Araha ba ta ado.

Akwai wani rukuni da ke rikita mutane. A 1957 Jamus ta Yamma ta yi doka da ta ba tsofaffin sojoji damar sa lambobinsu, amma a sabuwar ƙira da aka cire alamar Nazi. A kuros ɗin, ganyen itacen oak ne ya maye gurbinta, 1939 kuma tana nan. Wannan ba jabu ba ne, amma ba kayan yaƙi ba ne, kuma farashinsa daban. Ita kuwa tsohuwar ƙirar, sashe na 86a na dokar laifuffukan Jamus ya hana baje alamarta a bainar jama'a, in ba don koyarwa ko bincike da makamantansu ba. Shi ya sa dillalan can ke rufe alamar a hotunan tallarsu. Kafin ka yi odar irin wannan ta intanet, binciki dokar ƙasar da kayan zai fito da wadda zai ratsa.

Babban kuskuren dai, a ganina, shi ne sayen labari. Lambar Birtaniya ta yaƙin farko tana ɗauke da sunan soja da lambarsa a jikinta. Ta Jamus galibi bebiya ce. Dillali zai ce maka wannan na wani matuƙin jirgi ne, ko an ciro shi daga ƙirjin hafsa a Stalingrad, ƙarfen kuma ba zai ƙaryata shi ba. Takarda ce shaida: takardar ba da lambar, wadda a yaƙin farko ake kira Besitzzeugnis, da littafin soja, Militärpass ko Soldbuch ko Wehrpass. Su ma sai an tantance. Sunan da ke takarda, da rundunar, da kwanan wata, da hafsan da ya sa hannu, dole su yarda da juna. Akwai masu haɗa auren dole, su ɗauko lamba daga nan, takarda daga can, hoto daga wani gwanjon, su ce kayan mutum ɗaya ne. Lambar mulkin mallaka ta 1912 tana shan irin wannan, domin ana maƙala wa ƙyallen da ake rataye ta da shi ƙananan sanduna masu sunan wurin da aka yi yaƙi, har da Kamaru da Togo, kuma ƙara sanda ba wuya.

In ka samu suna, kada ka rubuta wa Balin kai tsaye kana jiran amsa. Takardun sojan Jamus na yaƙin farko ba a rumbu ɗaya suke ba, kowane yanki mai rundunarsa da nasa. Takardun rundunar Purushiya mafi yawansu sun ƙone da aka yi wa birnin Potsdam, inda rumbunsu yake, ruwan bama-bamai a Afrilun 1945. Na Bavariya suna nan a Munich, na Württemberg a Stuttgart, na Baden a Karlsruhe, na Saxony a Dresden. Jerin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni, Verlustlisten, ana iya bincikarsa a intanet. Na yaƙi na biyu kuwa, ofishin da ke ajiye bayanan sojoji, wanda ake kira WASt, ya koma ƙarƙashin Bundesarchiv, rumbun adana takardun tarayyar Jamus, tun 2019. Sai dai ka shirya wa tsohon rubutun hannu na Kurrent da Sütterlin, wanda e ɗinsa ke kama da n. Har Bajamushen yau sai ya koya.

Ni nawa kuskuren na goge-goge ne. Kuros na farko da na mallaka, na ga zobensa ya yi duhu, na sa man goge ƙarfe na murje shi har yana ɗaukar ido, baƙin fentin tsakiya ya bi tsumma. Gyaran gangar Abzinawa. Wannan duhun shekaru ne suka yi shi, kuma masu saye shi suke nema. Busasshen burushi mai laushi ya isa. Kada ka wanke ƙyallen, domin garin sabulu na sa shi haske a ƙarƙashin fitilar tantance kuɗi, mai saye ya ɗauka sabo ne. Kada kuma ka musanya shi da sabo don ya koɗe. Lambobin tutiya na ƙarshen yaƙi su suka fi tsoron laima: da sun fara farin gari suna kumbura, ba sa dawowa. Da damina a ajiye su a akwati busasshe, a jefa ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su.