Inda ya kamata janareta ya zauna idan kana aiki da kwamfuta

Lokacin da na buɗe shagon buga takardu a Zariya, janaretana a bayan bango yake, daidai saitin teburin da nake aiki. Da an ɗauke wuta na tayar da shi, sai rubutun da ke allon kwamfutar ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Allon irin na da ne, mai ƙaton ƙeya. Sau biyu ina kai shi wurin mai gyara, yana ce mini, "Maigida, lafiyarsa ƙalau." Ashe maganaɗisu ne.

A cikin janareta akwai naɗin wayar jan ƙarfe da maganaɗisu mai juyawa, da su ake samar da wutar. Ƙarfin maganaɗisun yana ɗan fita waje, yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, gwargwadon irin wutar da muke amfani da ita a nan. Tsohon allo da maganaɗisu yake zana hoto, shi ya sa na waje ke rikita shi. Bangon bulo ba ya tare shi, katako ma haka. Tazara ce kawai maganinsa, kuma yana mutuwa da sauri in aka matsa. Ni taku biyar na ja injin, karkarwar ta tsaya cak.

To, fara da wurin zama. Kai shi waje, kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Wannan nisan ma saboda hayaƙi ne, wanda ke kashe mutum cikin barci, sai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kada ya taɓa zama a daɓe ɗaya da kwamfuta, domin girgizarsa tana wahalar da faifan ajiya mai juyawa. Maganar da ake yi cewa maganaɗisun janareta zai goge maka aiki, kwantar da hankalinka, abin da ke fitowa bai kai wannan ƙarfin ba. Filashi da allo mai fale-fale na yanzu kuwa ko a jikinsu.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a waya yake. Ka sa mai wayarin ya ja wayoyin biyu, mai wuta da abokiyarta, manne da juna tun daga injin har shago. In suna tare, maganaɗisun ɗaya yana kashe na ɗaya. In aka raba su, wannan ta bi ta rufi waccan ta bi ta ƙasa, ka mayar da ɗakin kansa naɗin waya. Wayar intanet da ta sifika kuma kada su kwanta jere da ta janareta. Bar musu tazarar kamu ɗaya ko biyu, in dole sai sun haɗu, su gitta juna su wuce. Sannan a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a haɗa jikin injin da ita. Da yawa ana tsallake wannan don tsimin kuɗi, sai ka taɓa bayan kwamfuta ka ji tana cizo.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi. Ɗauki ƙaramar rediyo, ka murɗa ta gajeren zango inda babu tasha, ka yi yawo da ita a shagon injin na aiki. Inda ƙugin ya ƙaru, nan hayaniyar take bi. Haka na kama wata waya da aka saƙale a bayan firinta. Shi ma sitabilaiza akwai naɗin waya a cikinsa, kada ka ɗora shi kusa da tsohon allo.

Abin da ya taɓa ƙone mini kwamfuta kuwa hawa da saukar wuta ne, ranar da mai ya ƙare injin yana tari. Tun daga nan na ɗauki ɗabi'a. In na tayar, sai na bar shi minti biyu ya daidaita, in juya makunnin sauya wuta, kwamfuta ce ta ƙarshe. In zan kashe, ita ce ta farko. Firij da injin hoto ba sa hawa layinta, kuma UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, yana tsakaninta da janareta. In ka ji UPS ɗin yana ta ƙyas-ƙyas ba hutawa, gudun injin ne bai daidaita ba, kira makanike ya duba shi kafin batirin ya mutu.