Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yaro mai shanyewar gaɓoɓi tuƙa keke mai batir

Larurar shanyewar gaɓoɓi da ake kira CP a asibiti rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko bayanta da kaɗan, kuma a ƙasar nan doguwar naƙuda da shawarar jarirai da sanƙarau suna cikin manyan dalilanta. Ba shan inna ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su. Ma'aunin GMFCS na auna iya motsin yaro, wanda aka fitar a 1997, ya kasa masu larurar mataki biyar, kuma 'yan mataki na huɗu da na biyar su ne waɗanda ke wuni a kan tabarma ko a bayan uwa, ba sa zuwa ko'ina sai inda aka kai su. Irin wannan yaro ne ya fi kowa bukatar keken guragu mai batir, amma sau da yawa idan iyali suka sha wahala suka samo shi, sai ka tarar bayan wata biyu an jingine shi a ɗaki an lulluɓe da zane.

Kuskuren da ya fi kashe wa iyaye gwiwa shi ne gwajin rana ɗaya. A ɗora yaro a kan keke, a nuna masa sandar tuƙi, a jira minti goma, idan bai nufi ƙofa ba a ce ba shi da fahimtar da zai iya. Ba wanda ya taɓa neman jariri ya nuna ya san hanya kafin a bar shi ya yi rarrafe. Da rarrafen yake sanin hanyar. Wasu masu bincike biyu, Lisbeth Nilsson ta ƙasar Suwidin da Josephine Durkin ta Ingila, sun tsara wannan koyo mataki takwas, kuma a matakan farko yaron bai ma san cewa hannunsa ne ke motsa keken ba. Gane wannan kaɗai yakan ɗauki makonni, wani yaron watanni. Akwai kuma masu hana keken don tsoron kada yaro ya sangarce ya ƙi koyon tafiya, alhali binciken da aka yi bai nuna keken yana hana tafiya ba, muddin ana ci gaba da gashin ƙashi da motsa jiki.

Daga nan sai yawan umarni, kuma a nan na fi so a tsaya a yi tunani. Na taɓa zama a tsakar wani gida a cikin birni ana koya wa wata yarinya 'yar shekara bakwai, mahaifiyarta na cewa dama, yayanta na cewa hagu, ƙannenta na tafi, ni ma ina sa baki, har jikinta ya sandare, hannun ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Hayaniya da ɗoki suna ƙara wa waɗannan yara ɗaurewar jiki, na kuma san haka, amma son ganin sakamako ya sha kaina. Da muka yi shiru, sai da ta ɗauki kusan rabin minti kafin bayan hannunta ya tura sandar, keken ya shiga juyi a wuri ɗaya, ita kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya. Kakarta ta ce, "Likita, ai zagaye kawai take yi, ba ta gane ba." Na ce, "Hajiya, yau ne karo na farko da ta motsa kanta ba tare da an ɗauke ta ba, a bar ta ta zagaya." Gyaran shi ne mutum ɗaya ya yi magana, da gajerun kalmomi, kuma ya faɗi abin da ya riga ya faru maimakon abin da yake so a yi: kin tafi, kin tsaya, kin taɓa bango. Kada a ɗora hannu a kan hannun yaro ana tuƙa masa, domin abin da zai koya kawai shi ne cewa wani ne mai keken. Karo da bango a hankali ma darasi ne, saboda da shi yake sanin inda keken ya ƙare.

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa hannu na zama ne. Yaron da ƙugunsa ke zamewa gaba, ƙafafunsa na lilo, kansa na rinjaya gefe, duk ƙarfinsa ya tafi wajen neman kada ya faɗi. A fara da mayar da ƙugu can cikin kujera a ɗaure shi da bel, a dasa tafin ƙafa a kan matakinsa, a tallafi haƙarƙari da kai, sannan a duba hannu. Cusa filo da tsumma ba ya maye gurbin kujerar da aka auna da jikin yaron, don haka a nemi masu gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala su duba zaman nasa. Ba dole ba ne kuma sandar ta zauna a dama inda kamfani ya ɗaura ta. Ana mayar da ita tsakiya, ana sa mata babban kai mai sauƙin riƙo, kuma idan hannu ya gagara ana sa makunni a gefen kai ko kusa da gwiwa, a fara da guda ɗaya wanda idan an danna keken ya tafi, idan an saki ya tsaya.

Kowa ya san haɗarin gudu, amma ba kasafai ake lura da kuskuren rage shi fiye da kima ba. Idan keken yana jan jiki har yaro ba ya jin ya motsa, ko yana jinkiri kafin ya amsa, ba zai haɗa taɓawarsa da tafiyar ba. A saita shi ya tashi a tausashe amma nan take.

Wurin koyo ma ana sakaci da shi. Tsakar gidanmu akwai rijiya da murhu da kwata, ga dokin ƙofa tsakanin ɗaki da zaure, ga yashin lungu da ke riƙe taya. A rufe rijiya, a kashe wuta, a share fili mai faɗi, babba ya tsaya inda hannunsa zai kai ga makashin keken, a bar fita waje sai yaro ya iya tsayawa da niyyarsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, a yi koyon da hantsi ko bayan la'asar, minti goma sha biyar kullum, wanda ya fi awa biyu ranar Asabar amfani. Yawancin waɗannan yara suna da matsalar gani, wasu kuma farfaɗiya, saboda haka a sa a duba idon, kuma ranar da ciwon ya tashi a ɗaga darasin.

Sai batir. Galibin kekunan nan batir biyu ne masu bolt 12, kuma barinsu su mutu ƙurmus kafin a yi caji yana rage musu kwana. A jona duk lokacin da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, da cajar keken ta asali, a ajiye shi a inuwa nesa da ruwa. A kuma ja wa yayye da ƙanne kunne, domin idan suka wuni suna tsere da shi a soro, da la'asar mai keken zai tura sandar ya ji shiru.