Inda za ka tsaya ka yi kallo a hanyar Machame ta hawa Kilimanjaro

Duk mai niyyar hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ta hanyar Machame, abin da nake fara gaya masa shi ne gajimare ke da iko da kallo a dutsen nan, kuma yana da lokacinsa. Da asuba sama garau take. Da hantsi ya ɗaga sai gajimare ya taso daga dajin gindin dutse ya yi ta hawa, kafin azahar ya lulluɓe kusan komai, kuma yawanci ba ya sakin ƙololuwa sai la'asar sakaliya ko dab da magariba. Wanda ya san haka zai ga abin da ya kawo shi. Wanda bai sani ba zai wuce wurare mafi kyau cikin hazo, ya koma gida da hoton allon da ke ƙololuwa kaɗai.

Tun wajen zaɓen wata ake fara shirin. Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba, su ne lokutan da ruwa ke ɗaukewa. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, ka kauce musu in kallo ne a ranka. Doka ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba, don haka ta hannun kamfani za ka bi, kuma za su tambaye ka ko kwana 6 kake so ko 7. Ka ce 7. Kwana ɗayan nan na ƙari shi ke ba jiki damar sabawa da ƙarancin iska, kuma mutumin da kansa ke sarawa, zuciyarsa na tashi, ba ruwansa da kyan wuri.

Ranar farko, daga ƙofar Machame mai tsayin kusan mita 1,800 zuwa sansanin da ke kusan mita 3,000, duk cikin kurmi ake tafiya. Babu hangen nesa. Ka ɗaga kai ka duba rassa, kana iya dacewa da biran nan masu baƙi da farin gashi da doguwar jela. Sai dab da sansani itatuwa suke gajarta, in ka yi sa'a Kibo, mafi tsayi cikin kawunan dutsen, ya leƙo da yamma.

Kallo na gaske yana farawa ne rana ta biyu, a kan tudun duwatsun da ke kaiwa Shira. A nan shawarata ɗaya ce: ka riƙa waiwaye. Masu hawa sukan dukufa suna kallon dugadugan na gabansu, alhali abin kallon yana bayansu. Da zarar ka fita daga itatuwa, ka juya yamma, za ka hango dutsen Meru mai tsayin sama da mita 4,500, nisan kusan kilomita 70, kansa a waje, gindinsa cikin farin gajimare. A sansanin Shira, wajen mita 3,800, kada ka shige tanti da zarar an iso. Ka sha shayinka, ka sa rigar sanyi, ka fita bakin sansanin ta yamma kafin rana ta faɗi. Dutsen nan yana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, saboda haka rana ba ta jinkiri wajen faɗuwa. Daga ja zuwa duhu 'yan mintoci ne. Ka tsaya da wuri. A gabanka akwai tsinin duwatsun Shira, ragowar mafi tsufa cikin kawuna uku na dutsen, a bayanka kuma Kibo yana karɓar hasken ƙarshe. Ka kula da abincin hannunka, hankakin wurin masu farin wuya ba su da kunya.

Rana ta uku ana hawa har Lava Tower, wani tsayayyen dutse da aman wuta ya bari a kusan mita 4,600, sannan a gangara a kwana a Barranco, wajen mita 3,900. Hikimar ita ce a ɗanɗana wa jiki tsayi da rana, a kwantar da shi ƙasa da dare. Ni ban ɗauki Lava Tower wurin kallo ba, don da tsakar rana ake isa, lokacin hazo, kuma a nan ne ciwon kai ke fara kama mutane da yawa. Ka ci abincinka, ka sha ruwa, ka gaya wa jagora gaskiyar yadda kake ji.

Gangarar kwarin Barranco kuwa, nan ne wurin da na fi so a duk hanyar, har da ƙololuwar. Yayin da kake sauka za ka fara cin karo da wasu tsirrai da ake kira senesiyo, irin da a dutsen nan kawai yake fitowa. Wasu sun fi mutum biyu tsayi, gangar jikinsu kauri, a kansu tulin koren ganye kamar an ɗora kabeji a kan gungume. Ka matsa kusa ka duba. Busassun ganyen da suka mutu ba sa faɗuwa, suna nan manne sun naɗe gangar, su ne bargon da ke hana ruwan cikinta daskarewa da dare. Ka sa ido kawai, kada ka ɓanɓare su. A tsakaninsu akwai lobeliya, ƙanana, masu rufe ganyensu idan sanyi ya sauko. A nan hazo ba ya ɓata kallo, ƙara masa kyau ma yake yi, don tsirran sukan fito ɗaya bayan ɗaya daga cikin farin. Ka roƙi jagora ya sassauta tafiya a wannan yanki. Sansani ba zai gudu ba, 'yan dako sun riga sun kafa tanti.

Da dare a Barranco ka daure ka fito sau ɗaya, ka kashe tocila, ka ba idonka 'yan mintoci. Kibo yana tsaye a kanka kai tsaye, ƙanƙarar gefensa ta kudu tana ɗaukar ido, in akwai wata har ba ka bukatar fitila. Can ƙasa ta bakin kwarin, in gajimare ya janye, fitilun garin Moshi ne.

Da safe sai katangar Barranco, hawan kusan mita 250 da ake haɗawa da hannu. Daga sansani tana da ban tsoro, amma ba a bukatar igiya. Ka naɗe sandunan tafiyarka ka ɗaura a jaka, wayarka kuma ta zauna a aljihu har ka kai sama. Akwai wani ƙunci inda sai ka rungumi dutse ka zagaya shi, ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Ka ba 'yan dako hanya, suna ɗauke da kaya har kilo 20 a ka. Abin da ya sa nake matsa wa mutane su bar sansani da wuri shi ne saman katangar: faffaɗan dutse ne shimfiɗaɗɗe, Kibo a kusa kamar ka miƙa hannu, gajimare kuma a ƙasan ƙafarka iya ganinka. Wanda ya iso kafin hantsi ya yi nisa zai samu wannan duka. Wanda ya makara zai samu cunkoso a hanya da hazo a sama.

Karanga, kusan mita 4,000, shi ne inda masu kwana 7 ke yada zango, kuma kwarinsa ne ruwan ƙarshe kafin ƙololuwa. Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa, wajen mita 4,670, tsandauri ne, duwatsu da iska, amma daga nan ne Mawenzi, ɗaya kan dutsen, ke bayyana sosai ta gabas, mai tsayin mita 5,149, kansa duk tsini. Ka kalle shi da yamma, sannan ka kwanta, don tsakar dare za a tashe ka.

Daren hawan ƙarshe babu abin kallo sai layin tocila yana hawa a gabanka. Sanyi na iya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, kuma iskar da kake shaƙa a can sama kusan rabin ta bakin teku ce. Batir yana mutuwa da sauri a irin wannan sanyi, saboda haka waya ko kyamara ta zauna a aljihun ciki, jikin fata. Burin shi ne ketowar alfijir ta same ka kusa da Stella Point, mita 5,756, a bakin ramin aman wutar. Rana tana fitowa ta bayan Mawenzi. Ko a ina ta same ka, ka tsaya ka juya ka kalla, don ba a maimaita shi. Ka sa tabarau mai duhu nan take, hasken wurin yana cutar da ido.

Daga Stella zuwa Uhuru, wato ƙololuwar, mita 5,895, tafiyar kusan awa ɗaya ce a gefen ramin, kuma kallon da ke hanyar ya fi na wajen allon, inda mutane ke layin hoto. Ta hagunka akwai katangun ƙanƙara tsaye a kan baƙin yashi, fari da shuɗi-shuɗi. Ka dube su da kyau. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke dutsen a 1912 ta riga ta tafi, kuma abin da Hans Meyer da Ludwig Purtscheller, waɗanda suka fara kaiwa ƙololuwar, suka tarar a 1889 ba shi ne kake gani ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Jagora ba zai bari ka daɗe a ƙololuwa ba, kuma yana da gaskiya. In kana tangaɗi kamar mai maye, ko numfashi na gagararka kana zaune, ko tunaninka ya rikice, sauka ce magani, ko da allon na gabanka.

Ana saukowa ta hanyar Mweka, gwiwa ce ke shan wahala, sai ka fito da sandunanka. Ranar ƙarshe ka bar sansanin Mweka da sassafe, don akwai wuraren da itatuwa ke buɗewa a hango Kibo ta baya kafin gajimare ya taso. A ƙofar fita za ka sa hannu a littafi a ba ka takardar shaida: koriya ga wanda ya kai Stella Point, mai ruwan zinariya ga wanda ya kai Uhuru.