Yadda Mahayin Keke Zai Shirya wa Yanayin Bakin Teku da na Tsaunuka

Mahayin keken da ya taso a Damagaram, wato Zinder, ya san zafin bazara da ƙurar hunturu, ya kuma iya duban hadari tun daga gabas, amma wannan sanin ba zai ishe shi ba idan tafiya ta kai shi bakin teku ko kan tsaunuka, domin can yanayi yana sauyawa da sa'o'in yini da kuma tsayin wuri.

A bakin teku, kamar hanyar Kwatano zuwa Lome, babbar matsalar ita ce laimar da ke cikin iska. A Zinder gumi yana bushewa nan take, jiki ya samu sanyi. A can kuwa riga tana manne da baya har yamma, jiki na ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba, ko da ma'aunin zafi bai wuce digiri 31 ba. Wanda ya saba da digiri 40 yakan raina wannan adadi, kuma a ganina nan ne haɗarin yake. Ka riƙa kurɓar ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, ka zuba ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, ka sa riga mara nauyi. Ka kuma kama hanya da asuba, saboda da rana ƙasa tana riga teku ɗumama, sai iska ta taso daga ruwa zuwa tudu, ta yi ƙarfi bayan azahar. Galibi daga kudu maso yamma take busowa, don haka mai nufar Lome daga Kwatano zai yi ta fama da ita. Damina a can biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a wajen Satumba zuwa Nuwamba. Gishirin iska yana cin sarƙa, sai a wanke ta a sa mata mai a kai a kai.

Kan tsaunuka lissafin daban ne. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1000 da aka hau, shi ya sa Jos, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1200, ta fi Zinder sanyi sosai, kuma a tsaunukan Bagzan na yankin Agadas, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 2000, daren hunturu yakan kusanci daskarewar ruwa. Lokacin hawa ba ka jin wannan sanyin, domin jiki yana aiki. A gangara yake kama mutum, sa'ad da iska ke dukan jiƙaƙƙiyar riga, yatsu su sandare a kan birki. Saboda haka ka tsaya a saman tudu ka sanya rigar da ke tare iska kafin ka fara sauka.

Da damina hadari kan tsauni yakan haɗu da yamma, saboda haka ka tsara a gama hawa kafin azahar. Idan ruwa ya sauka, birki ba ya kamawa da wuri, sai a fara matsa shi tun da nisa kafin a kai kwanar hanya. Kada kuma ka kwana a cikin busasshiyar ƙorama ko ka ratsa ta idan ka hango hadari a saman duwatsu, domin ruwan da ya sauka can nesa yana iya isowa da ƙarfi alhali inda kake ko ɗigo bai faɗi ba.